Jitar Agadas da Sutudiyon Sakkwato: Yadda Kiɗan Mdou Moctar Ya Sauya, da Abin da Ya Shafi Gombe

Duk wanda ya ratsa ta wajen masu tura waƙoƙi a waya a tsohuwar kasuwar Gombe, ko ya shiga Keke Napep daga Tashar Dukku zuwa Pantami, ya san sautin da ya mamaye kunnen Arewa: fiyano a gaba, gangar kwamfuta a ƙasa, sai muryar mawaƙi da na'ura ta tace ta har ta yi santsi. Da wannan sautin aka yi waƙoƙin fim, da shi ake waƙar biki, da shi ake waƙar siyasa, kuma da yawa daga cikin masu bege ma sun rungume shi. Mawaƙa sun sauya, na'urori sun ƙara kyau, amma ginshiƙin kiɗan yana nan kusan yadda aka kafa shi a sutudiyoyin Kano a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da fiyanon Yamaha ya karɓe aikin kalangu da sarewa a waƙoƙin fim, kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi bayani a rubuce-rubucensa. Akwai wani makaɗi da ya fara fito da kansa da wannan sautin namu, a Sakkwato, a shekarar 2008. Sunansa Mahamadou Souleymane, Ba'abzine daga yankin Tawa a Jamhuriyar Nijar, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar. A yau wannan sunan ya zama na ƙungiyar makaɗa huɗu da masu sharhin kiɗa a Amurka da Turai ke lissafawa cikin mafi ƙarfi a fagen kiɗan rok. Abin da nake son nunawa shi ne, kiɗansu ya yi ta girma ne saboda ya bar hannun na'ura ya koma hannun mutanen da ke zama tare suna kaɗawa a gaban jama'a, kuma wannan shi ne abin da waƙar zamani ta Hausa ta yi sakaci da shi.

Rok kiɗa ne da aka gina a kan jita mai lantarki, da jitar bes mai kaurin murya, da jerin ganguna da mutum ɗaya ke bugawa hannu da ƙafa. Daga shekarun 1980 wani reshe nasa ya tsiro a wajen manyan kamfanonin faifai, a hannun matasan da ke yin abin da ransu ya so ba tare da jiran umarnin 'yan kasuwa ba, har ƙungiyar Nirvana ta fito da shi fili a 1991. Ɗaya daga cikin gidajen wannan reshe shi ne kamfanin Matador na birnin New York, wanda aka kafa a 1989, wanda ya fitar da ƙungiyoyi irin su Pavement da Yo La Tengo da Interpol. A wannan gidan Mdou Moctar yake fitar da faifansa tun 2021.

Amma farkon labarin yana da nisa da New York. Ya tashi a gidan da ba a maraba da kiɗa, don haka jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayoyin birkin keke. Wanda ya ja hankalinsa shi ne Abdallah Oumbadougou, ɗaya daga cikin iyayen kiɗan jita na Abzinawan Nijar, wanda ya rasu a 2020. Kiɗan da ya gada ke nan, irin wanda ƙungiyar Tinariwen ta Mali ta yi fice da shi: jita mai tafiya a hankali, tafi, amshi, da waƙar kewar gida da ta samo asali daga zaman gudun hijira a Aljeriya da Libiya. Da ya zo Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko mai suna Anar, sai ya ajiye rabin wannan gadon a ƙofar sutudiyo. Aka sa masa gangar kwamfuta, aka bi muryarsa da na'urar gyaran murya kamar yadda ake yi wa mawaƙan fim, ya rera da harshensa na Tamashek a kan shimfiɗar da kowane yaron Kano ko Gombe zai gane nan take. Ba a ma fitar da kundin a kasuwa ba a lokacin. Waƙoƙin sun bi ta memori da bulutut, daga waya zuwa waya, suka tsallaka Nijar zuwa Mali da gaba. Ta haka wani Ba'amurke mai tattara kiɗan Sahel, Christopher Kirkley, ya ci karo da waƙar Tahoultine, ya sa ta a cikin tarin da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011 na waƙoƙin da ya kwaso daga wayoyin mutanen Sahara, sannan ya shiga neman mai ita.

Ya kamata a tsaya a kan Anar, domin masu yabon Mdou na yau sukan wuce shi da sauri kamar wani kuskuren ƙuruciya. Ni ban ɗauke shi haka ba. Sautin sutudiyon Hausa an yi shi ne daidai da kunnen ƙaramar waya: murya siririya mai kaifi da ke fita tsaf daga lasifikar da ba ta kai girman ƙwayar goro ba, da kiɗa marar nauyi da ba ya cushewa. Da a ce ya naɗi jita mai ruri a wancan lokacin, da wayar ta mayar da ita hayaniya, da kuma waƙar ba ta yi tafiyar da ta yi ba. Fasahar Hausa ce ta buɗe masa ƙofa, kuma wannan abin alfahari ne da ba mu cika sani ba. Sai dai ƙofa ce kawai. Abin da ya biyo baya ya nuna iyakar abin da wannan fasaha za ta iya ba makaɗi.

Kundinsa na biyu, Afelan, wanda ya fito a 2013, an naɗe shi kai tsaye a Cintabaraden, a gaban mutane, rabi da jitar katako rabi da ta lantarki mai ƙara. A nan aka fara jin ainihin makarantar da ta rene shi, wato bikin aure. A Agadas, inda ya koma da zama, makaɗan jita suna cin abinci ne daga bukukuwa: a kafa janareta a fili, a jona lasifika, a yi ta kiɗa har dare ya raba, kuma ƙungiyoyi suna gasa da juna a kan wa zai fi tayar da masu rawa. Makaɗin da ke irin wannan aiki yana ganin sakamakon kowane motsin yatsansa a jikin jama'a nan take. Idan ya ƙara sauri aka taso, ya koyi wani abu. Idan ya ja waƙa aka fara zama, ya koyi wani. Fim ɗin da ya fito a ciki a 2015, wanda Kirkley ya shirya a Agadas bisa tsarin Purple Rain na mawaƙin Amurka Prince, kan wannan gasar aka gina shi. A 2017 ya fitar da Sousoume Tamachek, kundi mai sanyi wanda shi kaɗai ya kaɗa kayan cikinsa. Sai a 2019 ne, da kundin Ilana da aka naɗa a birnin Detroit, sunan ya tashi daga na mutum ɗaya ya zama na ƙungiya: Mdou a kan jitar gaba, wadda yake kaɗawa da hagu, Ahmoudou Madassane a kan jitar rakiya, Mikey Coltun ɗan Amurka a kan bes, daga baya kuma Souleymane Ibrahim ya zauna a kan ganguna.

Abin da ya sauya a nan ana iya jin sa ko da mutum bai san kalma ɗaya ta Tamashek ba. Gangar kwamfuta ba ta sauri ba ta jinkiri. Yadda aka saita ta a farkon waƙa haka za ta kai ƙarshe. Souleymane Ibrahim kuwa yakan fara da tafiyar raƙumi, ya yi ta ƙara wuta a hankali har waƙar ta koma sukuwa, sauran ukun suna biye da shi ba tare da an yi wa kowa ishara ba. Ahmoudou yana riƙe da zaren kiɗan bai saki ba, bes ɗin yana daddale ƙasa, wannan ne ya ba Mdou damar ya bar waƙar ya tafi yawo da jitarsa na mintuna, yana buga wayoyin da yatsu a kan wuyan jitar, dabarar da ya ƙara gogewa a kanta bayan ya kalli bidiyon gwanin jita Eddie Van Halen, sannan ya dawo ya tarar da su inda ya bar su. Waƙar da kundin Afrique Victime na 2021 ya ci sunanta ta haura minti 7, kuma rabinta na ƙarshe wannan hawan ne. Babu mai haɗa kiɗa a kwamfuta, komai gwanintarsa, da zai tsara irin wannan shi kaɗai, domin abu ne da ke faruwa tsakanin mutane huɗu da suka shafe shekaru suna sauraron juna. Kundin Funeral for Justice na watan Mayun 2024 ya ƙara kai abin maƙura: jita mai tsawa, ganguna masu faɗowa kamar ƙanƙara, da waƙoƙi masu zafi a kan Faransa da abin da ta kwasa daga Nijar, ƙasar da yuraniyom ɗin Arlit ya daɗe yana haskaka gidajen wasu alhali yawancin ƙauyukanta suna kwana a duhu.

Ƙorafi na farko da mai hankali zai kawo shi ne cewa wannan ba girma ba ne, sayar da kai ne. Kamfanin Amurka ne, mai bes ɗin kuma wanda ke tsara naɗin Ba'amurke ne, masu sayen tikiti Turawa ne, har dandalin Coachella na Kalifoniya sun hau a 2024. Ashe ba kunnen Bature aka bi aka ƙara wa jitar ƙara ba? Ƙorafin yana da tushe, domin kasuwa tana lanƙwasa mai fasaha, kuma gaskiya ne cewa jaridun waje sun fi son su kira shi da sunan wani gwanin jita nasu fiye da su koyi sunan Oumbadougou. Amma hujjojin sun fi karkata ga akasin haka. Abin da kasuwar Turai ta saba saye daga Sahara shi ne kiɗa mai laushi, mai sa nutsuwa, wanda aka goge shi tas a sutudiyo. Da shi Tinariwen ta ci kyautar Grammy a 2012. Ƙara da sauri da ƙurar lasifika kayan Agadas ne, kuma duk mai shakka ya saurari gajerun faifai biyu da ƙungiyar ta fitar a 2022 da sunan Nijar, waɗanda aka naɗa a bukukuwa da zaman gwaji a gida, ko ya saurari Etran de L'Aïr, ƙungiyar 'yan uwa da ke kiɗan biki a Agadas tun shekarun 1990. Ƙashin bayan kiɗan ma bai motsa ba: takamba ce, wadda ake yi da molon Abzinawa da ƙwarya, da kuma tende, gangar da mata ke haɗawa da turmi. Coltun ne ke hawa jirgi zuwa Yamai, ya shiga motar haya ya yi tafiyar sama da kilomita 900 zuwa Agadas don ya koyi yadda ake kiɗan biki. Wanda ke sayar da kansa ba ya buɗe baki ya zagi tsohuwar uwargijiyar ƙasarsa a cikin harshen da masu sayen faifansa ba sa ji.

Hujja mafi ƙarfi ta zo ne ba da shiri ba. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka hamɓarar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum, aka rufe iyakoki, alhali ƙungiyar tana rangadi a Amurka, 'yan Nijar ukun suka rasa hanyar komawa gida na ɗan lokaci. A cikin wannan zaman zullumi suka shiga wani sutudiyo a Brooklyn suka sake naɗar waƙoƙin Funeral for Justice, wanda suka riga suka gama kafin juyin mulkin, amma wannan karon da jitar katako da kayan kiɗan hannu, suna zaune a ɗaki ɗaya. Shi ne Tears of Injustice da ya fito a watan Fabrairun 2025. Waƙoƙi iri ɗaya, kalmomi iri ɗaya, amma fushin da ke cikin na farko ya koma baƙin ciki a na biyu. Ƙungiyar da ƙarar lantarki ce kaɗai jarinta ba za ta iya cire lantarkin ta tsaya da ƙafarta ba. Su sun iya, saboda abin da suka mallaka yana cikin hannuwansu da fahimtar da ke tsakaninsu.

Ƙorafi na biyu ya fi kusa da gida. Za a ce waƙar Hausa magana ce kafin ta zama kiɗa. Bahaushe yana sauraron azanci da habaici da kirari, kiɗa rakiya ne kawai, don haka jitar da za ta yi minti uku tana kuka babu baiti ba abincinmu ba ce. Rabin wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa Aminu Ala ko Nura M. Inuwa za su iya riƙe mai sauraro da kalmomi a kan kiɗa mai sauƙi. Amma duk wanda ya ce kiɗa rakiya ne kawai a wurinmu ya manta da tarihinsa. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, bai taɓa tsayawa shi kaɗai ba. Makaɗan kalangunsa da 'yan amshinsa suna ɗaga shi suna sauke shi, yana ƙirƙirar baiti a take saboda ya san ba za su yar da shi ba. Ɗan Maraya Jos, da ya rasu a 2015, yakan bar kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya yi magana tsakanin baiti da baiti. Garba Supa da Hassan Wayam sun tayar da filin rawa da kukuma, kuma jama'a sun san su ne da hannu kafin baki. Matan amada na Barmani Choge ƙungiya ce ta gaske, kowace da ƙwaryarta. Bala Miller ya kafa cikakkiyar ƙungiya ta jita da ƙaho a Kaduna yana waƙa da Hausa. Kiɗan haɗin gwiwa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Abin da yake sabo shi ne mawaƙi ya shiga ɗaki da mutum ɗaya mai kwamfuta, ya fito da waƙa a yini guda, sannan ya hau dandali ya riƙe makirufo yana motsa baki a kan abin da aka riga aka naɗa. A Yamai, ƙungiyar Tal National da wani alƙali, Hamadal Moumine wanda aka fi sani da Almeida, yake jagoranta, tana haɗa jita da kalangu tana waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, kuma kamfanin FatCat na Ingila ya fitar mata da Kaani a 2013 da Tantabara a 2018. Harshenmu yana ɗaukar wannan kiɗan ba tare da ya karye ba.

Wani zai ce to me ya haɗa Gombe da Ba'abzine? Dangantakar ta girmi kowane sutudiyo. Ayarin Abzinawa ne ke kawo gishirin Bilma kasuwannin Hausa, su koma da baƙin rini na Kura, kuma Hausa ce harshen kasuwar Agadas har gobe. Akwai kuma wata alaƙa da ta fi wannan taɓa zuciya. Waƙar Imouhar da ke cikin Funeral for Justice kira ce ga Abzinawa da kada su bar harshensu ya mutu a bakin 'ya'yansu. Mutumin Gombe ya san wannan damuwar ciki da waje. A garin da zuriyar Buba Yero ke sarauta a cikinsa, yara da yawa na gidajen Fulani ba sa iya mayar da gaisuwa da Fulfulde, haka abin yake ga matasan Tera da Bolewa da Waja da Tangale da suka tashi a Jekadafari ko Tumfure. Harshen da ke haɗiye su kuwa namu ne, Hausa, wadda hukumomin Nijar ma suka ayyana a matsayin harshen ƙasa a 2025. Bai kamata mai son Hausa ya ji haushin faɗin wannan ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan al'ummomi yana da kiɗansa da rawarsa da salon gangarsa, kuma sutudiyon kwamfuta yana niƙe su duka ya fitar da gari iri ɗaya, domin jerin kiɗan da ke cikin na'urar bai san su ba. Makaɗi mai rai ne kaɗai zai iya ɗauko bugun gangar ƙauyensu ya ɗora a kan jita, kamar yadda aka yi da takamba.

Ƙorafi na ƙarshe shi ne na kuɗi, kuma shi ne mafi nauyi. Mutum huɗu ko biyar sun fi mutum ɗaya ci, kayan kiɗa suna da tsada, wuta ba ta zama, kuma mai biki a Gombe ya fi samun sauƙi ya kira DJ da lasifikarsa. Ga kuma kallon da ake yi wa saurayin da ya rataya jita, wanda iyaye da yawa ba sa so, kamar dai yadda iyayen Mdou ba su so ba. Ba na raina ko ɗaya daga cikin waɗannan. Sai dai Agadas ba ta fi Gombe wadata ba, ba ta fi ta wutar lantarki ba, ba ta kuma fi ta sassauci a sha'anin addini ba. Garin Musulmi ne mai tsohon masallaci da sarkinsa. Bambancin shi ne a can mai aurar da 'ya yana ware kuɗin makaɗa a cikin lissafin biki, a nan kuwa kuɗin da ake liƙa wa mawaƙi a dare ɗaya, wanda sau da yawa ya isa a biya ƙungiya guda, yana tafiya ne ga wanda ya zo da waƙarsa a cikin filashi. Hannuwan ma akwai su. Majami'un Gombe da Kaltungo da Billiri cike suke da matasan da suka iya jita da bes da ganguna, suna kaɗawa kowace Lahadi, yawancinsu da Hausa suke waƙa. A ɗaya gefen ga makaɗan kalangu da na kotso da masu algaita da har yanzu ke fitowa a hawan sallah, ga kuma mawaƙan sutudiyo masu kaifin alƙalami. Waɗannan rukunoni uku suna zaune a gari ɗaya, suna sayayya a kasuwa ɗaya, amma da wuya ka gan su a ɗakin gwaji ɗaya.

Tal National ta kai inda ta kai ne saboda tana kiɗa dare da yawa a kowane mako a Yamai, na sa'o'i, har ta tara makaɗan da ke karɓar juna idan wasu sun gaji. Mdou Moctar ya ɗauki shekara 11 tsakanin Anar da Ilana, kuma mafi yawan wannan lokacin a filin biki ya yi shi. Ƙungiya tana buƙatar wurin da za ta kaɗa a kai a kai a gaban mutanen da za su iya tashi su tafi idan abin bai yi ba. A Gombe wuraren taron biki sun yawaita a 'yan shekarun nan, gidajen rediyo masu zaman kansu suna neman shirye-shiryen da za su cike sa'o'insu, kuma Jami'ar Jihar Gombe da ta Tarayya da ke Kashere suna tara dubban matasa daga kowace ƙabila ta jihar. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya ba makaɗa biyar dare ɗaya a mako na tsawon shekara guda, da sharaɗin a kashe kwamfuta a kaɗa da hannu.